Karan Sha'ir da Ƙibar Gajerun Dawaki: Gwajin da Aka Yi a Redwings

A lardin Nofok da ke gabashin Ingila akwai wata cibiya mai suna Redwings, wadda aka kafa a 1984 don karɓar dawaki da jakuna da alfadarai da aka yasar, ko aka ƙwato daga hannun masu wulaƙanta su. Dabbobin da take riƙe da su sun haura 1,500. Wanda ya ji haka zai ɗauka duk aikin wurin shi ne tayar da ramammu, kuma lalle akwai wannan. Sai dai akwai wani rukuni na dabbobin da damuwarsu ta sha bamban, wato gajerun dawakin asalin Birtaniya, waɗanda da zarar sun sami wurin zama da ciyawa sai su shiga tara kitse ba ƙaƙƙautawa. A kansu ne likitocin cibiyar suka haɗa kai da masu bincike na makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Edinbara suka yi wani gwaji, aka buga sakamakonsa a mujallar Veterinary Record a 2020.

Gwajin ba shi da wani tsada ko na'ura. An ɗauki gajerun dawaki 40 da ke zaune a fili dare da rana, aka bi su tsawon wata huɗu na hunturu, lokacin da ciyawar fili ke tsayawa da tsiro har sai an riƙa kai musu ƙarin abinci. Guda 15 aka ci gaba da ba su ingirici zalla kamar yadda aka saba. Sauran 25 aka gauraya musu abincin, rabi ingirici, rabi karan sha'ir, wato busasshen karan da ke saura bayan an cire ƙwayar. Duk wata sai a hau da su sikeli. Da aka kai ƙarshe, dukkan 25 ɗin da suka ci gaurayen sun rage nauyi, a matsakaici kilo 27 kowanne. A cikin masu cin ingirici zalla kuwa uku ne kawai suka ragu, rukunin gaba ɗaya ma ƙaruwa ya yi da kimanin kilo 6 a matsakaici. Kuma ba a sami ko ɗaya da cikinsa ya ƙulle ba, alhali wannan ne babban abin da ke hana masu dawaki a can ba da kara.

Kafin a fahimci me ya sa wannan ɗan sakamako ya ja hankalin likitocin dabbobi, sai an san irin dawakin da ake magana a kansu.

Dokin Shetland ya fito ne daga tsibiran da ke can arewa da Sukotlan, inda iska ba ta barin itace ya yi tsayi, ciyawa kuma gajera ce mai tauri. Tsayinsa ba ya wuce inci 42 a kafaɗa. A tsakiyar hunturu, idan ƙasa ta ƙare, yakan gangara bakin teku ya ci ganyen da ruwa ya turo. Da dokar Birtaniya ta 1842 ta hana sa mata da ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa a ramukan kwal, irin waɗannan dawaki aka riƙa saukarwa suna jan kaya, don ƙarfinsu ya fi girmansu nesa. 'Yan uwansa na duwatsun Wels, da na dajin Dartmoor da Exmoor, da Fell da Dales na arewacin Ingila, da Highland na Sukotlan, duk rayuwa ɗaya suka gada: su ci su ƙoshi a watannin ɗumi, su tara kitse, hunturu ya zo ya cinye shi, su fito a watan Maris haƙarƙari a waje amma da rai. Wanda jikinsa bai iya ajiya ba bai kai ga haihuwa ba. Shekaru aru-aru ana wannan tacewa, har aka sami dabbar da ɗan abu kaɗan ke riƙe ta. Makiyayinmu ya san wannan zagaye sarai, don haka damina da rani suke yi da shanunsa.

Yau mafi yawan waɗannan dawaki ba a kan dutse suke ba. Suna cikin shingayen gonaki a ƙasa mai laushi, yara na hawansu ranar Asabar, wasu ma ba a hawansu ko kaɗan. Ciyawar filayen sau da yawa irin wadda aka inganta ce don shanun madara, cike take da sukari. Idan sanyi ya shigo a rufa musu bargo, a shigar da su barga, a cika musu raga da ingirici mai kyau, a ƙara da bokitin abincin kanti. Hunturun da ke sauke kitse an kawar da shi gaba ɗaya, cin watannin ɗumi kuwa yana nan yadda yake. Wani bincike na Jami'ar Biristol da aka buga a 2014 ya duba dawakin da ke zaune a fili a kudu maso yammacin Ingila, ya sami kimanin kashi 27 cikin 100 da ƙibar da ta wuce kima a ƙarshen hunturu, sannan kashi 35 a lokacin ɗumi. Adadin farko ya fi ban tsoro a wurina. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun fito daga lokacin da ya kamata su rame suna ɗauke da kitsen bara, sabuwar ciyawa kuma na jiransu.

Ga kuma ci. Doki na yau da kullum yakan ci kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na nauyinsa a rana, idan aka auna abincin ba tare da ruwan da ke cikinsa ba. An auna gajerun dawaki da suka kai kusan kashi 5 idan aka sake su. Ga dabba mai kilo 300, wannan kusan kilo 15 ke nan a rana, alhali kilo 6 zai ishe ta har da ragi.

Da ƙibar ta tsaya ga nauyin jiki kawai, da da sauƙi. Inda take kaiwa shi ne kofato. A cikin kofaton doki akwai wani ɗan ƙashi da ke rataye a jikin bangon kofaton ta hanyar ɗaruruwan siraran ganyayyakin nama masu shiga juna. Su ne ke ɗauke da nauyin dabbar duka. Idan suka yi rauni suka miƙe, sai ƙashin ya fara rabuwa da bangon, ya karkata, a mummunan hali har ya huda tafin kofaton ya fito. Likitoci na kiran ciwon laminaitis. Ka ɗauka farcenka ne ke rabuwa da naman yatsa, kuma a kan wannan yatsan aka ce ka tsaya yini da kwana. Dokin da ya kamu za ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina jikinsa baya don ya ɗora nauyi a kan dugadugai, yana sauya ƙafa bayan ƙafa. Juyawa a kan ƙasa mai tauri ita ta fi yi masa wuya. Ka taɓa kofaton ka ji zafi, ka sa yatsa a bayan idon ƙafa ka ji jijiya na bugawa da ƙarfi. Wanda ya daɗe da ciwon kuma kofatonsa yakan yi zobe-zobe, masu faɗi ta wajen dunduniya, matsattsu ta gaba.

An daɗe ana zargin abubuwa da yawa kafin a kama mai laifin. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya suka ɗauki lafiyayyun gajerun dawaki biyar, suka riƙa ɗura musu sinadarin insulin, wanda ke daidaita sukarin jini, ta jijiya suna riƙe sukarin jininsu daidai. Cikin awa 72 duka biyar sun kamu da ciwon a ƙafafu huɗu. Daga nan aka tabbatar yawan insulin a jini shi kaɗai ya isa ya lalata kofato. Dokin da ya yi ƙiba, musamman daga cikin waɗannan nau'o'i, idan ya ci ciyawa mai sukari jikinsa yakan zubo insulin fiye da kima, ya kuma daɗe bai sauka ba. Wani bincike a asibitin dabbobi na Finlan a 2011 ya gano cewa kusan tara cikin goma na dawakin da aka kawo da wannan ciwo suna da irin wannan matsala ta sinadaran jiki a ƙasa. A Birtaniya kuma, binciken da aka buga a 2019 bayan an bi dawaki fiye da dubu ya nuna kusan ɗaya cikin goma na kamuwa a shekara, kuma ƙaruwar nauyi tana ninka haɗarin fiye da sau biyu. Ke nan kilo 27 ɗin nan na Redwings magana ce ta ko dabba za ta iya takawa a watan Mayu, lokacin da sabuwar ciyawa ke tasowa.

To me zai hana a rage abincin kawai? Nan ne lamarin ya yi wuya, kuma nan ne karan sha'ir ya sami ƙofa.

Cikin doki ƙarami ne, kuma yana zubo ruwan tsami ba dare ba rana, ko da abinci ko babu. Yawun da ke kashe kaifin tsamin kuwa sai yana tauna yake fitowa. An halicce shi ya yi ta tsinkar ciyawa kusan awa 16 a rana. Idan ka auna wa doki mai kilo 300 rabonsa na mai rage ƙiba, wato kashi 1.5 cikin 100, kilo huɗu da rabi na ingirici ke nan, zai iya share rabon dare cikin 'yan awoyi ya tsaya ciki wayam har gari ya waye. An nuna cewa barin doki fiye da awa 6 ba abin taunawa na ƙara haɗarin gyambon ciki. Ban da haka yakan shiga cin katakon shinge, da cin shimfiɗarsa, da faɗa da abokan zama a kan ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wanda duk mai ƙaramin doki ko jaki ya kamata ya sani. Idan aka yanke wa mai ƙiba abinci farat ɗaya, jikinsa yakan kwance kitse ya tura cikin jini fiye da abin da hanta za ta iya sarrafawa. Jinin da aka ɗiba, idan ya kwanta, samansa yakan yi fari kamar madara. Hanta ta cika da mai ta gaza, dabbar ta daina ci gaba ɗaya, kuma da yawa ba sa tashi. Shetland da jakuna da goɗiyoyi masu ciki ko masu shayarwa su suka fi faɗawa. Don haka likitoci ke cewa kada abincin rana ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin dabbar sam, kuma ko kusa da nan sai da idon likita. Abin nema shi ne ragin rabin kashi zuwa kashi 1 na nauyi a mako.

Sauran dabaru kowacce da gurbinta. Takunkumin kiwo, mai ɗan rami a ƙasa, yana rage abin da doki ke tsinka da kusan kashi 80 a awoyin da yake sanye da shi, amma ba a barinsa yini da kwana, kuma wasu da an cire sai su rama. Rage lokacin kiwo ma haka: an ga gajerun dawaki da aka ba awa 3 kacal a fili sun koyi hanzari, cikin 'yan makonni suna cusa kusan kashi 1 na nauyinsu a wannan ɗan lokaci. Jiƙa ingirici a ruwa yana wanke sukari, sai dai ba tabbas, wani damin ya zubar da fiye da rabi, wani ko kashi 10 bai kai ba, kuma a hunturun Ingila jan ragar ingirici mai ɗiga daga cikin baho da sassafe ba ƙaramin aiki ba ne ga cibiyar da ke da ɗaruruwan bakuna.

Kara ya bi ta wata hanya. Yawancinsa zare ne mai tauri, ƙarfin da ke cikinsa kaɗan ne, sukarinsa ma galibi ƙasa da na ingirici. Dabba za ta sami tuli iri ɗaya a gabanta, ta ɗauki lokaci mai tsawo tana tauna, yawu na gudu, ciki ba ya zama wayam, amma abin da ke shiga jiki ya ragu. Narkar da zaren a babban hanji kuma yana fitar da zafi, wanda shi ne ainihin abin da ke ɗumama doki a cikin sanyi. Kuma a garken da ke cin abinci tare, inda ba za ka iya auna wa kowa rabonsa ba, gauraya kara ita ce kusan hanya ɗaya da za ta shafi kowa da kowa, har da babba mai korar saura daga tuli. Ga arha, don a gabashin Ingila ana noman sha'ir sosai.

Tsoron da ake yi wa kara ba na banza ba ne, kuma bai kamata sakamako ɗaya ya goge shi ba. Busasshen zare da aka haɗiye ba a tauna sosai ba, ko aka ci da yawa lokaci guda ba ruwa, yana iya toshe hanji. Wani binciken Denmak na 2009 ya sami gyambon ciki ya fi yawa a dawakin da kara ne kaɗai abin taunawarsu. Amma wannan kara zalla ne. Da masu bincike a Suwidin suka gwada rabi da rabi da karan alkama mai kyau, a aikin da aka buga a 2021, ba su ga ƙarin gyambo ba, sai ma lokacin ci da ya tsawaita. Ma'aunin rabi ɗin nan shi ne iyakar da ake ambata, kuma ba a kai gare shi rana ɗaya. Ana farawa da ɗan tafin hannu a cakuɗa cikin ingirici yadda ba zai iya tsincewa ba, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu ko fiye. Ana duba haƙora tukuna. Tsohon da turamensa suka lalace ba a ba shi kara, haka wanda ya taɓa ƙullewar ciki. Ana kwance damin a shinshina, a duba ba fumfuna, a karkaɗe a ga ko zangarniya ta rage da ƙwaya a ciki, don wannan ƙwayar ita ce abin da ake gudu. Ruwa kuma kada ya yanke: da safe a fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin shan ruwa, a kuma lura da kashin dabbar, in ya fara ƙanƙancewa yana bushewa, a ja baya. Tunda kara ba shi da abin gina jiki da gishirin ma'adinai isassu, ana ba da ɗan awon abincin cike giɓi a rana.

Gwajin Redwings ƙarami ne, dawaki 40 a hunturu ɗaya, kuma suna tsinkar abin da suka samu a fili ban da wanda aka kai musu. Ba zai zama hukunci a kan kowane doki ba. Amma 25 cikin 25 a gefe guda, 3 cikin 15 a ɗaya gefen, tazara ce da ba a kau da kai daga gare ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne rukunin ingiricin. Ba wanda ya yi musu wani abu da ba a saba ba. An ciyar da su yadda dubban masu dawaki ke yi da kyakkyawar niyya, a fili, cikin sanyi, a hannun ƙwararru, suka fita hunturu da nauyin da ya ɗara wanda suka shiga da shi. Idan haka ta faru a inda ake da sikeli da likitoci, ina ga dokin yara da ke bayan gida da bargo biyu a gadon baya?

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan lamari ido yakan gaza, don mutane sun saba ganin waɗannan dawaki a cike har cikar ta zama ita ce siffarsu a zane da hoto da filin gasa. Gashin hunturu kuma yana rufe komai. Shi ya sa ake cewa a sa hannu. A shafa haƙarƙari: ya kamata a ji su ba tare da an danna ba. A kama saman wuya ƙarƙashin geza a girgiza. Idan ya yi kauri ya taurare, ko ya fara faɗuwa gefe, wannan kitse ne mai tafiya tare da matsalar insulin, akwai ma ma'auni na 0 zuwa 5 da aka tsara masa a 2009. A duba bayan kafaɗa, da gindin wutsiya, da ko gadon baya ya yi kwari a tsakiya. Duk da haka hannu ma yana da iyaka. A Jami'ar Liverpool an sa wasu goɗiyoyin duwatsun Wels masu ƙiba a kan abincin kashi 1 cikin 100 na nauyinsu a rana har mako 12, suka zubar da kimanin kashi 11 na nauyinsu, amma makin da ake bayarwa ta duba da shafa bai sauya sosai ba. Mai dokin da ba ya awo zai ce ba ta aiki ya watsar. Igiyar awo a zagaya ƙirji da ciki duk mako biyu, a wuri ɗaya, da hannu ɗaya, a rubuta a littafi, ita ke nuna gaskiya ga wanda ba shi da sikeli. Masu binciken na Liverpool sun kuma nuna a 2012 cewa dawaki ba ɗaya suke ba: a kan awo ɗaya wani zai zube da sauri, wani ya riƙe kitsensa ƙam, sai an ƙara matsa masa a hankali.

Mu da muke ganin doki a hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau mun san yadda cikar doki ke ɗaga darajar mai shi, da yadda ake tura masa dawa da gero da dusa a turke. Dawakinmu ba irin waɗancan ba ne, ciyawarmu ma daban, amma kofato ɗaya ne, kuma hatsin da ya yi yawa lokaci guda yana kawo wannan ciwon ta hanyar ruɓewa a hanji. Jaki kuwa ya fi kusa da labarin: cibiyar kula da jakuna ta Donkey Sanctuary a Ingila karan sha'ir take ba da shawarar ya zama mafi yawan abincin jaki mai lafiyayyun haƙora.

Watan Maris ba shi ne ƙarshen aikin ba. A Afrilu da Mayu ciyawa ke tasowa da ƙarfi, kuma ranar da aka kwana da sanyi mai daskarewa aka tashi da rana tas, ganye yakan tara sukari don yana haɗawa amma sanyi ya hana shi tsiro. A irin waɗannan ranaku ake tsare masu haɗari a filin da ba ciyawa, a ba su gaurayensu na kara da ingirici, ko a ja igiyar lantarki a riƙa buɗe musu taku ɗaya ko biyu na sabon wuri a rana. Wanda ke da lafiyar ƙafa a sa shi aiki har ya yi gumi, sau da yawa a mako, don motsa jiki na gyara yadda jiki ke amsa insulin. Wanda wuyansa ya riga ya taurare, ko kofatonsa ya nuna zobe, likita ya ɗibi jininsa ya auna insulin kafin a sake shi kan kore. A 'yan shekarun nan likitoci sun fara amfani da wasu magungunan ciwon sukari na mutane, masu fitar da sukari ta fitsari, ga dawakin da awon abinci ya kasa sauke musu insulin, amma su ma suna iya tayar da kitsen jini, don haka sai da gwaji a kai a kai, kuma awon abincin yana nan ba a ɗage shi ba.